Malam da Ɗigo

Shekarar da na gama kwalejin horon malamai mata aka tura ni koyarwa Jiwa. A lokacin in ka ce Abuja garinmu kake nufi, wanda yanzu ake kira Suleja. Inda manyan gine-ginen Abujar yanzu suke kuwa gonakin doya ne da dawa, da duwatsu, da shanun Fulani. Babana bai yarda na tafi ba sai da aka tabbatar masa a gidan ƙanwarsa zan zauna. Gwaggo ta daɗe a Jiwa. Aure ne ya kai ta, mijin ya rasu, ta ƙi komawa gida. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi, kuma da wuya wani abu ya faru a garin bai biyo ta zaurenta ba.

Ni kaɗai ce mace a cikin malaman makarantar. Akwai hedimasta, dattijo mai yawan gyangyaɗi bayan azahar, akwai wasu biyu da ba su shigo labarin nan ba, sai kuma malamin aji huɗu. Mutumin Kuchigoro ne, dogo, mai sanyin magana. Shi ke kula da lambun makaranta, shi ke koya wa yara ƙwallo, kuma in jinka ta yi yoyo shi ke hawa. Hausarsa irin ta mutanen wajen ce, ba ta damu da namiji ko mace ba. Zai ce rana ya faɗi, ya ce hedimasta ta zo, kuma ba wanda ke ɗaga kai, har shi hedimastan.

Yana shirin wata jarrabawa da ake karatunta daga gida, wadda in mutum ya ci zai samu shiga babbar kwaleji a Zariya. Darussan ta gidan waya suke zuwa, sai ya hau keke ya je garinmu ya karɓo. Turanci da tarihi da labarin ƙasa duk ba su ba shi wahala ba. A lissafi ne ya ci karo da wani babi ya tsaya cak. Ya kai wa hedimasta, hedimasta ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce a zamaninsu ba a yi wannan ba, amma ga yarinya nan sabuwar fitowa daga kwaleji, kanta bai huce ba tukuna.

Haka ya same ni a bakin ajina bayan an tashi, ya cire hula ya mayar, ya yi gaisuwa mai tsawo kamar ba tare muka wuni ba, sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi. Na ce sai na tambayi Gwaggo. Gwaggo ta ce ba laifi, amma a zaure, bayan la'asar, kuma tana zaune.

Abin da ya tsaya masa ba wani babban abu ba ne. Akwai lambobin da tsawonsu ya yi yawa, kamar nisan rana daga duniya, mil miliyan casa'in da uku. In za ka rubuta shi yadda aka saba, sai ka sa tara da uku, ka jera sifili shida a bayansu. Masu ilmin kimiyya ba su da haƙurin wannan jeri, sai suka samo gajeren rubutu. Ka ɗauki ɗigon da ake ƙaddara yana ƙarshen lambar, ka yi ta matsar da shi har ya zauna bayan lamba ta farko, ka ƙirga gidajen da ya tsallake, ka ɗora adadin a kafaɗar goma. Nisan rana sai ya koma 9.3 × 10⁷. In kuma abin ƙanƙani ne, kamar kaurin takarda, 0.004 na inci, ɗigon ɗaya gefen zai bi, lambar kafaɗar kuma ta samu alamar ragi, ya zama 4 × 10⁻³. Littafin yana so ɗalibi ya iya zuwa ya iya dawowa, daga dogon rubutu zuwa gajere, daga gajere zuwa dogo.

Ranar farko na yi masa wannan bayani a kan ƙaramin allo, ya saurara da kyau. Zancen kafaɗa ya yi masa daɗi ƙwarai, ya ce ashe goma 'yar garinsu ce, don mahaifiyarsa ma a kafaɗa take ɗaukar itace, ba ta taɓa ɗora kaya a ka ba. Na ce to madalla, ɗigo ya tafi hagu lambar kafaɗa ta hau, ya tafi dama ta sauka, in za a dawo kuma a juya. Ya maimaita bayana daidai. Na ba shi nisan rana a gajeren rubutu na ce ya mayar da shi dogo.

Ya daɗe a kai. Ya sa alli a kan ɗigon, ya dubi hannunsa, ya dubi ƙofa, sannan ya fara tsalle da shi gida gida yana ƙirgawa a hankali. Da ya miƙo mini allon sai na ga sifili, ɗigo, sifilai a jere, sannan tara da uku can a ƙarshe. Na ce masa bisa wannan lissafi tsakanin hancinsa da rana bai fi ƙwayar gero ba. Gwaggo, wadda ke ɓarar gyaɗa a gefe kamar ba ta ji, ta ce shi ya sa ake zafi bana.

Washegari na ba shi kaurin takarda. Ya mayar da shi inci dubu huɗu. Na ce takardar da ke hannunsa ta fi rimin kasuwa tsayi ke nan, sai an nemo tsani kafin a buɗe shafi na gaba. Ya yi dariya, ya goge, ya sake, ya samu daidai. Na ba shi wani ya sake ɓata. Haka muka yi ta yi. Ƙirgar gidaje ba ta taɓa kuɓuce masa ba, adadin kullum daidai ne. Hanyar da ɗigon zai bi ce kawai ba ta da tabbas. Wata rana ya bi daidai, wata rana ya juya, kuma babu yadda za ka gane tun farko wacce za a yi. In na nuna masa kuskuren sai ya dubi allon da mamaki ya ce ɗigon nan ta sake gudu.

Da aka yi 'yan makonni ana haka, Gwaggo ta yanke hukunci. Muna tuƙa tuwo ta ce mini in daina wahalar da kaina, mutumin nan ya iya abinsa sarai. Ta ce mutumin da ke hawa keke ya je Abuja ya dawo ta cikin daji bai taɓa ɓacewa ba, ba zai ɓace a kan allo mai faɗin tafin hannu ba. Ranar da ya gane, ranar karatun ya ƙare, shi kuwa ba ya so ya ƙare. Na ce Gwaggo ba haka ba ne. Ta ce ta yi aure tun ba a haife ni ba.

Maganar ba ta tsaya a madafa ba. Bafillatanar da ke kawo mana nono daga rugar bayan gari ta fara tambaya ta ko ɗalibina ya samu sauƙi. Matar hedimasta ta tare ni a rafi ta ce ta ji ana wani dogon lissafi a gidanmu, Allah ya sa a ƙare lafiya. Shi kansa hedimasta, da na kai masa rajistar aji, ya ce ba a taɓa jin babi ɗaya ya ci rabin damina ba, amma shi ba ruwansa.

Tun ina musu har na fara duba abin da idon Gwaggo. Na lura ba ya makara. Na lura rigar da yake zuwa da ita ba ita ce wadda ya wuni da ita a makaranta ba. Na lura in ya yi kuskure yana ɗago kai ya dube ni kafin ya dubi allon. Sai abin ya fara yi mini daɗi. Mutum mai gemu, malamin aji huɗu, ya yarda a riƙa yi masa dariya kullum a gaban tsohuwa don kawai ya zauna kusa da ni. Na fara sa kwalli kafin la'asar. Na ciro mayafin da na ajiye don salla. Karatun kuma ya canza kama. In ya aika ɗigon inda bai dace ba, ba na ƙara yin bayani, sai in yi murmushi in ce Malam ke nan, in goge in ba shi wani. Shi ma sai ya yi murmushi, ga alama yana ganin ya kusa. Daga nan mu shiga hirar lambun makaranta, da birai masu ɓarnar masara, da yadda Zariya take, wadda ni na taɓa gani shi bai taɓa ba.

Da sabuwar doya ta fito ya ɗauro manya-manya a bayan keke ya kawo wa Gwaggo, ya ce daga gonar babansa, tukuicin zauren da ake ara masa. Gwaggo ta juya doyar ta yaba, ta sa aka shigar da ita ciki. Sannan ta gyara zama, ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zanenta.

Ta ce, "Malam, ni ba yarinya ba ce. Allon nan ya gaji, allin ma ya kusa ƙarewa. In magana ce da kai, uban yarinyar nan yana Abuja, kuma ka san hanya. Ka turo manyanka."

Ban taɓa ganin dogon mutum ya ƙanƙance haka ba. Ya dubi allon, ya dubi Gwaggo, ni kuwa ya ƙi duba na sam. Ya ce, "To, Mama." Ya tashi ya yi sallama, ya fita ya bar littafinsa a kan tabarma, har ya tura keken ya yi nisa kafin ya tuna ana hawa.

Kwanaki bai zo ba. A makaranta in ya hango ni sai ya tuna akwai abin da ya bari a lambu. Na yi fushi da Gwaggo na ce ta kore shi, ta ce in jira. Ranar wata kasuwa sai ga saƙo daga gida, wai wasu dattawa daga Kuchigoro sun je wurin Baba. Baffansa ne, limamin unguwarsu, da kawunsa mai zuwa coci, da wani tsoho da ba ya zuwa ko'ina amma ba a yin magana a danginsu sai da shi. Baba ya yi bincikensa, ya kira ni ya tambaye ni, na sunkuyar da kai na yi shiru irin wanda ake ganewa. Wasu a dangi sun yi gunaguni a kan ba Bahaushe ba ne, Gwaggo ta hau mota ta je da kanta, gunagunin ya mutu. Aka sa rana bayan kaka, jarrabawarsa kuma kafin bikin da kaɗan.

Da aka sa rana sai ya dawo zaure, da sabon alli. Gwaggo ta ɗan ja tabarmarta baya, ta ba mu wuri. Ni kuwa na ga wasa ya isa haka, tunda abin da ake nema an samu, ga jarrabawa ta matso. Na rubuta masa 6.2 × 10⁵ na miƙa masa.

Na ce, "Malam, yanzu dai ba sauran dalili. Yi shi yadda ka iya, mu wuce babi na gaba."

Ya ce, "Wane dalili?"

Na ce ya sani. Ya ce bai sani ba. Ya karɓi allon ya sa alli a kan ɗigon, ya dubi hannunsa, ya dubi ƙofa. A ranar ne na kalle shi da kyau, ba fuskarsa ba, hannunsa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi alhali iska na kaɗawa. Ya fara tafiya dama, ya tsaya, ya goge da yatsa, ya koma hagu, ya ƙirga gida biyar daidai, ya miƙo mini lambar da ba ta kai ƙurar alli ba, maimakon dubu ɗari shida da ashirin.

Na ce, "Tsakaninka da Allah, ba ka iya ba?"

Ya ce, "Malama, da na iya me zai sa in yi ta zuwa ana mini dariya?"

Na tambaye shi sabuwar rigar fa, ya ce ta makaranta ƙasar lambu take kwasa, ba zai shiga gidan mutane da ita ba. Na ce kallon da yake mini in ya yi kuskure fa, ya ce a fuskata yake gane ko ya yi daidai, don allon ba ya gaya masa komai. Na ce to manyan da ya tura fa. Nan ya juya allin a hannunsa. Ya ce shi bai taɓa kai ransa nan ba, don yana ganin 'yar birni mai takardar kwaleji ta fi ƙarfinsa. Ranar da Mama ta yi maganar ne ya koma gida ya kasa cin abinci, ya zauna ya duba zuciyarsa, ya tarar ashe abin yana nan tun tuni, shi ne bai sani ba.

Haushi da dariya suka taso mini tare, dariyar ta yi nasara. Na juya na ce Gwaggo ta ji ko. Gwaggo ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce namiji ba zai taɓa amsa irin wannan a gaban surukai ba, in ci gaba da karatuna.

Sai a ranar na yi masa tambayar da ta kamata, me ya sa yake duban hannunsa da ƙofa kafin ya fara. Ya ce shi bahago aka haife shi. Da aka sa shi makaranta malaminsu ya riƙa bugun hannun har ya koma rubutu da ɗayan. Tun daga nan in aka ce masa hagu ko dama sai kansa ya ɗaure, sai ya tsaya ya tuna da wane hannu yake cin tuwo, kafin ya gama tunawa kuma ya manta abin da aka tambaye shi. A hanya ba ya ɓacewa don ba hagu da dama yake bi ba, dutse yake bi da rafi da bishiya. Ƙofar kuwa, a ɗakinsa ya haddace cewa manyan lambobi wajen ƙofa suke tafiya, to ƙofar zauren Gwaggo ba gefe ɗaya take da tasa ba.

Na goge allon tas. Na ce daga yau babu hagu babu dama. Kafin ya taɓa ɗigo ya tambayi kansa abu ɗaya, abin nan babba ne ko ƙarami. In goma ba ta da alamar ragi a kafaɗa, abin babba ne, to ya tura ɗigon duk inda zai sa lambar ta kumbura. In da ragi, ƙarami ne, ya tura shi inda za ta motse. In ya gama ya dubi amsar ya ga ko ta yi kama da abin da aka ce, rana ce ko takarda. Na ba shi guda ya yi daidai. Na ba shi wani mai ragi ya yi daidai. Na juya masa, daga dogo zuwa gajere, ya ɗan tsaya, ya ce wannan babba ne, ya yi daidai. Muka yi ta yi har aka kira magariba bai ɓata ko ɗaya ba. Ya ajiye allin ya dube ni, ba da fushi ba, ya ce me ya hana in faɗa masa haka tun ranar farko. Na ce ai tun ranar farko bai ce mini shi bahago ba ne. Zancen kwalli ban ɗauko shi ba.

Babin da ya ci mana damina ya ƙare a yammaci ɗaya, sai ga sauran littafin a gabanmu, lokaci kuma ya ƙure. Muka bi shi a guje. Gwaggo ta ce ba ta taɓa ganin masu shirin aure da ba sa hira sai faɗa a kan kusurwa da da'ira ba. Ya tafi Minna ya rubuta jarrabawar, ya dawo da mura da labarin jirgin ƙasa, wanda a nan ya fara ganinsa. Na tambaye shi ko babinmu ya fito, ya ce ya fito, tambaya ɗaya, ƙarama. Na ce me ya rubuta, ya faɗa mini, na lissafa na ce daidai ne. Ya ce shi ma ya san daidai ne, da wata irin murya da ban san shi da ita ba.

Aka yi biki bayan kaka. Na tare a ɗaki biyu da ke bayan makaranta, na koyi cin tuwon dawa da miyar da surukata ke aiko mana, shi kuma ya koyi cewa hedimasta ya zo, ko da yake in ya gaji yakan koma wa tsohuwar hanya.

Sakamakon bai zo ba sai da ruwa ya sake sauka. Hedimasta ne ya karɓo takardar, ya ƙi ba shi, ya sa aka buga ƙararrawa, ya tara yara a fili ya karanta da ƙarfi. Tarihi da labarin ƙasa ya yi fice. Turanci ya yi kyau. Da ya zo kan lissafi sai ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce an ci, amma da a ce ƙofa ce da ta kama masa bakin riga. Yara suka yi ta tafi ba su san me ake nufi ba.

Da yamma ya yanka zakara, aka kira Gwaggo da hedimasta da matarsa. Shi ya raba naman da kansa. Ya ba Gwaggo cinya, ya ba hedimasta cinya, matar hedimasta ta samu ƙirji. Ni ya ajiye mini fiffike da wuya. Na ce wannan ne ladan malama. Ya ce gwargwadon makin da aka samu ne, in ina son cinya sai in jira ya ci wata jarrabawar. A Zariya tarihi ya zaɓa, kuma ni ce na cike masa gurbi a aji huɗu har ya gama.